Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa na Niyok: mun fa tsufa a ƙasar nan

Assalamu alaikum iyayena malamai, sarakunan Zango, da shugabannin ƙungiyoyinmu na Bronx da Harlem da Brooklyn. Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa iyaye girma. Ina neman afuwa tun daga farko don ni ba kowa ba ce, 'yarku ce mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wato hom kiya kamar yadda muke cewa, shekarata 19 ina yi. Na sha ɗaura niyyar in tashi in yi maganar nan a wajen taro, amma kun san taronmu, kafin a gama gaishe-gaishe a karanta lissafin kuɗin wata an kira la'asar kowa ya nemi takalminsa, mu kuma mata muna can bayan labule lasifika ba ta iso mu ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta kawai, wanda ya gani ya tura wa wanda bai gani ba.

Duk wanda ya zo ƙasar nan a cikinmu, ko ɗan Zangon Kumasi ne, ko ɗan Nima, ko daga Yamai, Maraɗi, Kano ko Sokode, da magana ɗaya ya sauka a filin jirgi: shekara biyar zan yi in tara in koma. Ni ma haka na ce wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Waɗanda suka shigo da cacar biza tun da aka fara ta a 1995 suna samari masu jini a jika, yau ga su nan da furfura, wasu da sandar dogarawa, wasu hawan jini da ciwon suga sun kwantar da su. An gina gidan a can gida kam, wasu har bene, amma ƙanne da 'ya'yan ƙanne ne a ciki, mai gidan yana nan a ɗaki ɗaya yana jiran ranar ganin likita. Kuma ba rashin son komawa ba ne. Medicare ɗin, wato inshorar lafiyar gwamnati da mutum yake samu in ya kai 65, ba ta bin sa Kumasi ko Damagaram, nan take tsayawa. Mai karɓar SSI, wato tallafin kuɗin gwamnati ga tsofaffi da masu nakasa marasa ƙarfi, in ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka an dakatar da kuɗin. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, in ya wuce shekara a waje zai iya rasa ta gaba ɗaya. To wanda ake wanke wa ƙoda sau uku a sati ina za shi? Ya tsufa a nan, kuma a nan zai ci gaba da tsufa, mu daina yaudarar kanmu.

Abu ɗaya da muka iya, kuma wallahi ina alfahari da shi, shi ne gawa. A yi rasuwa da asuba kafin azahar an yi ta yawo da sanarwa a WhatsApp, an buɗe asusu, an haɗa kuɗin kabari ko na jirgi in za a kai shi gida, mata sun ɗora tukunya, maza sun cika masallaci. Ba a taɓa barin ɗan uwanmu a firijin asibiti ba. Amma shekara goma ko sha biyar ɗin da bawan Allah nan ya yi kafin ya rasu fa, yana fama shi kaɗai da kwalaben magani da takardun da bai iya karantawa ba? Wannan babu kwamitinsa, babu asusunsa, babu ko mai rubuta suna.

Ita kuwa jihar da muke zaune a cikinta ta riga ta farga. A watan Nuwamban 2022 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a kan umarni mai lamba 23, aka fara tsara wani babban shiri na tsufa na jihar Niyok baki ɗaya. Ma'aikatar lafiya ce ta ja gaba tare da ofishin kula da tsofaffi na jiha, amma aka ce masu gidaje, masu sufuri, masu ƙwadago, masu kula da masu buƙata ta musamman, kowa ya zo a zauna a tebur ɗaya. A lokacin mutanen da suka kai 60 a jihar sun kai wajen miliyan 4.6, kuma kullum ƙaruwa suke. Ba ma su suka fara ba, Kalifoniya ta fitar da nata tun Janairun 2021, shirin shekara goma mai manyan manufofi biyar, saboda sun lissafa cewa kafin 2030 mutum ɗaya cikin huɗu a can ya kai 60. Namu na Niyok an yi ta zama a kansa, an zagaya garuruwa ana jin bakin jama'a, an raba takardun tambayoyi, har aka fitar da rahoton ƙarshe a tsakiyar 2025 da shawarwari sama da 100. Ni duk wannan a bakin wata abokiyar aikina 'yar Dominika na ji shi, a cocinsu aka yi musu sanarwa. A masallatan da nake zuwa dai ban taɓa jin an ambace shi ko sau ɗaya ba, ko bayan huɗuba, ko a cikin sanarwar suna da ɗaurin aure.

Bari in ba ku labarin wani baba don ku ga me ya sa suka tara ma'aikatun nan wuri ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba, da yawanku kun ci abinci da shi. Shekara kusan talatin yana tuƙin tasi, na dare ma. Wata rana da sanyi ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi asibiti, aka yi masa aiki mai kyau, aka yi masa gashi, likita ya ce ya samu sauƙi a koma gida. Gidan kuwa hawa na biyar ne kuma babu lifta. Daga ranar da aka hau da shi, in zai je ganin likita sai samari huɗu sun ɗauko shi a kan kujerar roba irin ta wajen biki, ɗaya a gaba yana cewa a hankali a hankali, shi kuma ya runtse ido yana salati, hularsa a hannu don kar ta faɗi. Ran da samarin suka tafi aiki babu zuwa asibiti. Motar Access-A-Ride mai ɗaukar masu nakasa da ake bukin ɗinta tun jiya ko shekaranjiya takan zo ƙofar gida ta yi jiranta na 'yan mintoci ta wuce, don ita a bakin titi aikinta yake farawa, ba a hawa na biyar ba. Na ce to bari mu nema masa SCRIE, shirin nan na birni da yake daskarar da kuɗin haya ga wanda ya kai 62 in abin da gidan ke samu bai wuce dala 50,000 a shekara ba a lokacin, sai aka ce sai sunansa yana kan takardar haya. Ashe sunan wani abokinsa ne da ya koma gida tun shekara goma sha. Muka juya wajen fansho, shi ma sai mutum ya tara maki 40, wato kamar shekara goma yana biyan haraji a kan abin da ya samu, baba kuwa yawancin shekarun nan kuɗin hannu yake karɓa, mai cika masa takardar haraji yana rage masa lissafi yana ce masa ya taimake shi. Kun ga mutum ɗaya ne fa, amma matsalarsa ta asibiti ce, ta gida ce, ta mota ce, ta kuɗi ce, kuma kowane ofis na je sai su ce nasu ɓangaren sun yi. Ba ƙarya suka yi ba, sun yi. Baba dai yana sama yana leƙen titi ta taga.

Wannan ramin da ke tsakanin ofis da ofis shi shirin jihar yake son cikewa. Ko zai cike ko ba zai cike ba wannan wata magana ce, ni ma ba na saurin yarda da takarda, na ga rahotanni da yawa da suka ƙare a durowa, kuma shawara ba kuɗi ba ce sai majalisar dokokin jiha da ke Albani ta sa ta a kasafi. Ku duba jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ma, tasha 472 ne a birnin nan, yawancinsu ba su da lifta, sai da masu keken guragu suka kai ƙara kotu sannan a 2022 aka yi alkawarin gyara kashi 95 cikin ɗari, shi ma wai kafin 2055. Allah ya ba mai rai. Amma ku lura da wanda ya samo alkawarin: waɗanda suka je suka tsaya suka yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba mai gyara zai wuce ɗakin maƙwabci.

Yoyon namu na farko harshe ne. Dokar jiha ta 2022 ta ce a fassara muhimman takardun gwamnati zuwa harsuna 12, akwai Faransanci akwai Larabci, babu Hausa. 'Yan uwanmu na Nijar da Togo da suka yi lakwal sun ɗan tsira, amma hajiyar da ɗanta ya kawo ta rainon jikoki, ko dattijon da karatunsa na allo ne, fa? A asibiti haƙƙin mutum ne a kira masa tafinta kyauta ko da ta waya ce, mutanenmu ba su sani ba, sai a jawo jika ɗan shekara goma a ce ya fassara wa kakarsa maganar mahaifa ko ta fitsari, ita kunya ta hana ta faɗi, shi kuma bai ma san kalmar ba.

Akwai wata hajiya da har gobe in na tuna ta sai na yi hawaye. A wani gidan kula da tsofaffi na same ta, na je duba wata daban. Ta yi shekaru tana kitso a Harlem, Turancinta ras, amma da gigin tsufa ya kama ta sai Turancin ya zube gaba ɗaya, Hausar yarintarta kawai ta rage. Kullum da yamma takan tashi ta nufi banɗaki tana jan hannun riga tana magana, ma'aikata su mayar da ita gado, ta sake tashi, su sake mayar da ita, har aka rubuta a fayil ɗinta cewa tana da rikici da yamma, ana shirin ƙara mata maganin barci. Ina wucewa na ji tana cewa "ku ba ni buta, magariba ta yi." Alwala kawai take so ta yi. Na samo kofi na zuba mata ruwa, na juya mata kujera gabas, ta yi sallarta a zaune, ta kama hannuna ta ce "'yar nan daga wane gida kike?" Ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, wallahi har godiya suka yi min, ba wanda ya taɓa gaya musu ne. Wata nawa ta yi a haka kafin in wuce ta wajen? Kuma masallaci nawa ne tsakaninta da inda take kwance?

Tun da na ambaci masallaci, Allah ya gafarta malamai ku yi haƙuri da ni. Da yawan masallatanmu shago ne aka mayar, ko ɗakin ƙasa, ko sama da kanti, kuma kusan ko'ina ɓangaren mata shi ne mai matattakala mafi tsayi da duhu. Na san iyaye mata da suka daina zuwa Juma'a da tafsirin azumi ba don komai ba sai gwiwa. Na san wani da aka yanke wa ƙafa saboda suga, yana cikin waɗanda suka yi karo-karo aka sayi ginin, yau sai dai ya ji huɗuba a waya. Dokar masu nakasa ta Amurka ta 1990 ta tilasta wa kantuna da gidajen abinci su yi hanyar keken guragu, amma ta cire wuraren ibada, ba mai zuwa ya ci mu tara. Wato an bar mu da Allah kenan. Kafet muna canzawa, fanka da na'urar sanyi muna saye, to gangaren siminti a bakin ƙofa da ƙarfen riƙewa a wajen alwala da kujeru goma a sahun baya nawa za su ci?

Sai maganar da ba ma so a yi, ta yaranmu masu buƙata ta musamman. Shirin tsufan nan na jiha ba na tsofaffi kaɗai ba ne, har da masu nakasa, don buƙatar kusan ɗaya ce. A cikinmu akwai gidajen da ke da yaro mai galahanga, ko wanda ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, an ɓoye shi a ɗaki, ba a zuwa da shi suna ba a zuwa da shi idi, ana cewa iska ce ko sammu daga gida. Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina tofa wa nawa. Amma jihar nan tana da shirin taimakon gaggawa kyauta ga yaro tun kafin ya cika shekara uku, masu koya magana da motsa jiki har gida suke zuwa, in ya shiga makaranta akwai tsarin karatu na musamman da doka ta ba shi, in ya girma akwai ofishin jiha mai kula da irinsu. Duk shekarar da aka ɓata ana ɓoyo ba ta dawowa. Uwar kuma ita ma tsufa take, tana kwana da tunanin wa zai riƙe shi in ta faɗi. In liman ya faɗa a kan mumbari sau ɗaya cewa wannan ba abin kunya ba ne, wallahi ya fi ni in yi shekara ina bi gida-gida.

Mu kanmu masu aikin fa kar a manta da mu. Ku ƙirga matan Zango nawa ne suke hom kiya a birnin nan, mu ne muke ɗaga iyayen wasu, mu yi musu wanka, mu canza musu kunzugu, a kan dala 19.10 a awa a 2025, in kuma aikin kwana ne na awa 24 sau da yawa awa 13 ake biya, wai sauran barci kika yi da cin abinci, ko da tsohuwar ta tashe ki sau biyar. Bayanmu ya tafi, kafaɗa ta tafi. Akwai shirin CDPAP da yake ba mara lafiya mai Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, dama ya zaɓi ɗansa ko 'yarsa ko ɗan uwa ya kula da shi a biya shi, wanda ya dace da mu ƙwarai tun da ba kowace uwa ce za ta yarda baƙo ya ga jikinta ba, amma da aka mayar da shi hannun kamfani ɗaya a Afrilun 2025 na ga yadda mutanenmu suka yi ta fama da sabon rajista a waya, ba mai yi musu bayani da harshensu. Haka daga Janairun 2024 jihar ta buɗe Medicaid ga waɗanda suka kai 65 ko da ba su da takarda, dattawa nawa ne a cikinmu suka ji? Wasu ko sun ji tsoro ba zai bar su su je ba sai wanda suka yarda da shi ya raka su.

To iyayena, abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Yadda gwamnati ta tara ma'aikatunta, mu ma mu tara namu, masallatai da ƙungiyoyin gari-gari da na mata da na direbobi, zama ɗaya, a ajiye maganar wane ɗan Gana ne wane ɗan Nijar ne, da wane ɗan Izala wane ɗan ɗariƙa, shanyewar jiki ba ta tambayar wannan. A fara da ƙirga: su wa muke da su da suka haura 60, wa yake zaune shi kaɗai, wa yake bene babu lifta, wa yake kwance a gidan kula da tsofaffi, wane gida ne ke da yaro mai buƙata. Littafin makaranta ɗaya ya isa, a ba amintattu su riƙe. In muna da wannan lissafin sai a naɗa mutum biyu ko uku, a sa mace a ciki don Allah, cikin yaranmu da aka haifa a nan akwai nas-nas da ma'aikatan jin daɗin jama'a har da lauyoyi, su riƙa zuwa duk inda ake zaman aiwatar da shirin nan, da ofishin tsofaffi na birni, da wajen 'yan majalisar unguwanninmu, su ce ga mu, ga yawanmu, muna son tafintan Hausa, muna son abincin halal, muna son a koya wa ma'aikatan gidajen tsofaffi mene ne alwala.

Ba sabon abu ba ne fa. A birnin nan akwai cibiyoyin tsofaffi sama da 300, duk wanda ya kai 60 zai iya shiga ya ci abincin rana ya motsa jiki kyauta, ba a tambayar takarda. Iyayenmu ba sa zuwa saboda ba su yarda da naman ba kuma ba mai jin yarensu. 'Yan Bangaladash na Queens da suka ga haka sai suka buɗe tasu a cikin masallacin Jamaica Muslim Center, abincinsu, harshensu, sallarsu a kan lokaci. Masallatanmu daga asuba zuwa azahar a kulle suke ba kowa. Me zai hana ko sau biyu a sati dattawa su taru a sha koko da ƙosai, a auna musu jini, wata yarinya ta zauna da kwamfuta tana cika musu fom? A nan ne ma za a sa kowa ya cika takardar nan ta wakilin lafiya, wadda mutum yake rubuta wanda zai yi magana a madadinsa in ya kasa, shaidu biyu kawai take buƙata ba sai da lauya ba, don na ga yadda ake rasa mai cewa uffan a kan mutum yana kan na'ura matarsa tana Agadas. A nan ne kuma za a ja kunnen samarinmu masu Uber da kai saƙo su biya harajinsu daidai, kar su maimaita ta baba.

Cikin kowace dala goma da ake tarawa ta asusun gawa a ware ko biyu ta masu rai, a fara da neman wa baba ɗaki a ƙasa. Ni ina hutu ranar Lahadi, fom ɗin SCRIE da na wakilin lafiya na buga su suna cikin jakata, duk masallacin da ya ba ni tebur da kujera biyu bayan azahar zan zo. Kafin nan kuma baba yana da ganin likita ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, samari biyu sun ce za su zo, saura biyu.

Wassalam, 'yarku mai hom kiya daga Bronx.